Tun da aka canza min lagireto allurar 406 ɗina ta ƙi tsayawa waje ɗaya

Abban Khadija: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin mota a taimaka min da shawara. Peugeot 406 ce da ni mai injin EW10, lagiretonta ya fara yoyo ta gefen robar nan na sa aka saka min sabo, yaron garejin ya ɗura ruwa har baki ya rufe ya ce shikenan in tafi. Toh tun daga ranar allurar zafi ba ta zauna lafiya ba, ina cikin tafiya sai in ga ta wuce 90 ta doshi ja, kafin in samu wajen fakin kuma ta sauko da kanta. In na taka totur da safe ina jin ƙarar ruwa ƙulu-ƙulu ta bayan dashbod. Na koma wajensu ogan ya ce gaskit ne ya ƙone sai an sauke top, wato kan injin, kuɗin da ya kira kuwa sai da na nemi waje na zauna. Motar da ba ta taɓa yi min zafi ba sai yoyon nan kaɗai, ta ina gaskit zai ƙone?

Sani Golf: Wa alaikumus salam. Malam kafin komai, tamostat ɗinka, wadda ke tare ruwa kar ya shiga lagireto sai injin ya yi zafi, tana ciki? In tana ciki a cire a jefar, kayan Turai ne wannan, don ƙasar ƙanƙara aka yi ta. Ni Golf 3 nake ja Kano Katsina kullum ta Allah, ba tamostat, fanka dairek tana juyawa ba tsayawa, ruwan famfo nake zubawa kuma lafiya lau nake neman abincina.

Baba Mai Fijo: Ɗana kada ka yarda a kwance maka top tukuna. Amsa min waɗannan. Da ya ɗura ruwan, ka ga ya kwance 'yan sukurorin fitar da iska? Ya bar motar tana aiki har fanka ta tashi? Sannan in ka kunna hita iska mai zafi ke fitowa ko mai sanyi?

Abban Khadija: Baba ban ga ya kwance komai ba wallahi, bokiti ya ɗauko ya juye da mazurari, ya tayar da ita ya kashe, gaba ɗaya bai kai minti biyar ba. Hita kuwa yanzu na fita na gwada bayan na dawo daga masallaci injin da zafinsa, iska ce kawai mai sanyi, in na ba ta wuta sai ta ɗan yi ɗumi ta koma.

Baba Mai Fijo: To ka ba ni amsa. Iska ce ta maƙale maka, ba a yi wa motar bilidin ba, wato ba a fitar mata da iskar ba. Fijo ba a cika ta da juye bokiti, tun zamanin da ake haɗa su a nan Kaduna duk wanda ya koyi aikinta ya san wannan. Bakin da kake zuba ruwan bai fi wasu sassan injin tudu sosai ba, tiyon hita da gidan tamostat suna nan sama, ruwa zai cika maka a baki ka ɗauka ya ƙoshi alhali can ciki akwai wajen da ruwa bai kai ba. Ƙarar da kake ji a bayan dashbod ruwa ne da iska suke kokawa a cikin ɗan lagireton hita. Allurar kuma da take hawa da sauka, sensa ce wani lokaci ruwa ya taɓa ta wani lokaci tururi ya taɓa ta. Ka ajiye motar daga yau har a yi aikin, don in ka ci gaba da yawo da ita a haka gaskit ɗin da bai ƙone ba zai ƙone da gaske.

Maman Ilham: Ikon Allah. Ni dai ina gefe ina ɗaukar karatu, don tawa Corolla ma ina da tambaya a kanta in an gama da ta Abban Khadija.

Abban Khadija: Baba Allah ya ƙara girma, ku yi min bayanin yadda ake yi dalla-dalla in tsaya a kansu su yi a gabana, ko in yi da ƙanina a gida in ba wani abu mai wuya ba ne.

Baba Mai Fijo: Ba wuya, haƙuri kawai yake so. Ka bari sai da safe injin ya kwana ya yi sanyi ƙalau, kar ka kuskura ka taɓa murfin nan da zafi. Ka samu gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi ka yanke gindinta, ka naɗe bakinta da tsohon tib ko salatif har ya zama in ka kifa ta a bakin tankin ta zauna daram ba ta yoyo. Amfaninta ta ɗaga ruwan ya fi kowane sashe na injin tsawo, nauyinsa ya dinga tura iskar waje. Su kamfani suna da tasu gorar ta musamman da ake ɗaurawa, amma wannan ma tana yi. Sai ka nemo sukurorin, akwai ɗaya a jikin tiyon hita can kusa da bangon da ya raba injin da cikin mota, kamanninsa kamar murfin bawul ɗin taya, akwai kuma a gidan da tamostat take, wasu lagiretocin ma suna zuwa da nasu a kafaɗa. Ka sassauta su duka. Ka fara zuba ruwan a hankali, siriri, kar ka juye. Za ka ji suna huci fuuu, daga nan su fara tofar da ruwa da kumfa, kar ka rufe a nan, ka jira sai ruwa ya fito miƙe santal ba kumfa ko ɗaya sannan ka ɗaure, ka fara da na ƙasa ka ƙare da na sama. Da hannu za ka ɗaure na robar, in ka sa filaya ka murɗe da ƙarfi zai karye a ciki ka shiga wani aikin. Duk wannan injin a kashe yake.

Baba Mai Fijo: Bayan nan ka bar ruwa a gorar kamar rabi, ka tayar da mota, AC a kashe, hita a kan zafi iskar kuma ƙasa-ƙasa. Ka riƙe ta tsakanin 1500 da 2000 a agogon injin. Ka sa ido a gorar, za ka ga kumfa na tasowa jefi-jefi, can in tamostat ta buɗe ruwan zai faɗa ƙasa lokaci ɗaya, ka yi maza ka ƙara kar gorar ta ƙafe ta sake zuƙar iska. Ka taɓa tiyon lagireto na sama da na ƙasa, amma ka kula da fanka don tana tashi ba sallama, ka ji duk sun ɗau zafi. Ka jira fanka ta tashi ta tsaya, ta sake tashi ta tsaya. Sai ka kashe, ka bar ta ta huce, ka cire gora, ka daidaita ruwan a kan layin MAX ka rufe. Gobe da safe ka sake dubawa, zai ɗan ragu, ka cike. Aikin zai ci maka kusan awa guda ban da jiran hucewa, shi ya sa yaran yanzu ba sa son yi.

Injiniya Nura: Bayanin Baba ya cika. Abin da zan ƙara kawai dalilin da ya sa aka ce a kashe AC, in tana kunne ita ma tana tayar da fanka, sai ka ɗauka zafin injin ne ya tayar da ita ka kashe mota tun tamostat ba ta buɗe ba. A 406 fanka tana fara juyi a hankali ne in ruwa ya kai wajen digiri 97, fitilar STOP kuma tana kawowa a wajen 118. Sannan ita wannan motar ruwa yana zagayawa ta cikin hita ko ka kunna ko ba ka kunna ba, ba ta da famfon da ke rufe shi, kunna hitar shaida ce kawai, in ka ji zafi ya fito sosai kuma bai yanke ba ka san ruwa ya cika can. Akwai tsofaffin motocin da su dole ne ka kai ta zafi don akwai bawul a hanyar.

Sani Golf: Duk wannan dogon turancin da ya cire tamostat da bai sha shi ba. Ruwa ya yi ta zagayawa abinsa iska ta fita da kanta. Ni ban taɓa yanka wata gora ba a rayuwata.

Injiniya Nura: Oga Sani dalilin da ya sa ba ka yanka gora shi ne Golf ɗinka tankinta mai kama da ƙwallo yana sama da injin, kuma akwai ɗan siririn tiyo da ke dawo da ruwa cikinsa ta sama, ta nan iska take fita da kanta. Ƙirar motar ce ta taimake ka ba rashin tamostat ba. Ka buɗe murfin da sanyi ka tayar ka ba ta wuta ka gani, za ka ga ruwa na tsartuwa ta wannan tiyon, ranar da ka ga ya daina toh ya toshe ko famfon ruwanka ya gaji.

Sani Golf: Na ji wannan, gaskiya ne ina ganin tsartuwar. Amma maganar tamostat ba za ka canza min ra'ayi ba. A gabana wani abokin aikinmu tasa ta maƙale a rufe a wajen Bichi da fasinja cike, kafin ya ankara top ya lanƙwashe. Abin da babu shi ba ya maƙalewa. Ku masu motar gida in ta lalace ku hau adaidaita, mu in ta lalace gidanmu ba a ɗora tukunya.

Baba Mai Fijo: Sani maganarka akwai ƙamshin gaskiya, tamostat tana maƙalewa, na ciro da yawa da hannuna. Amma wadda ta maƙale ta tsufa ne ko tsatsa ta cinye ta, kuma tsatsar daga ruwan famfon da kake yabo take zuwa. Maganinta a saka sabuwa mai kyau. Kuma gwada ta ba wuya, ka ɗaura mata zare ka sa a tukunyar ruwa a kan wuta, akwai lamba a jikinta, ta Toyota yawanci 82 za ka gani, kafin ruwan ya tafasa za ka ga bakinta ya buɗe a hankali, ka ciro ta ta huce ta rufe. Wadda ruwa ya tafasa ba ta motsa ba ita ce ta shara. Ko sabuwa ka saya ka gwada ta haka kafin ka ɗaura.

Injiniya Nura: Kuma akwai asarar da ba ka gani Oga Sani. Injin an ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 95. In ba tamostat ga fanka dairek, da asuba lokacin hunturu a hanyar Katsina injinka ba zai kai zafinsa ba, kwamfutar motar tana ganin har yanzu da sanyi sai ta yi ta ƙara mai, fulogi na yin baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda yana sauka cikin baƙin mai. A tsadar man nan kai ne ka fi kowa jin wannan a aljihu. Sannan injina da yawa tamostat ɗinsu tana da wani faifai a ƙasa da in ta buɗe yake toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin, in ka cire ta wannan hanyar a buɗe take har abada, wani ruwan zai dinga kewayawa bai shiga lagireto ba, sai ka ga mota ba tamostat kuma tana zafi a go-sulo.

Sani Golf: Man kam tana sha ba ƙarya, amma ni na ɗora shi a kan lodi ne.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni Hilux nake tuƙi, hanyar Zinder zuwa Agadez ta Tanout. Zan goyi bayan Baba a kan ruwa. Ruwan rijiyoyin hanyar nan in ka yi wata kana zuba shi ka leƙa bakin lagireto za ka ga wani farin abu ya daskare a bakin ƙananan bututun, shi ke toshe su ɗaya bayan ɗaya har mota ta fara zafi in ta shiga rairayi. Mu muna ɗaukar namu ruwan a bido daban wanda ba a sha. Amma in ka ƙafe a daji ba ka da zaɓi, duk ruwan da ka samu mai tsabta ka tace da rawani ka zuba ka isa gari, in ka isa a zubar a wanke. Abin da nake roƙon kowa, in mota ta tafasa kar a kwara mata ruwan sanyi nan take, ƙarfe mai zafi in ya ji sanyi farat ɗaya yana tsagewa. A buɗe bonet a jira. In kana tafiya ka ga allura ta fara hawa ka kashe AC ka kunna hita har ƙarshe ka sauke gilas, tana rage wa injin zafi har ka samu inda za ka tsaya.

Abban Khadija: Na gode ƙwarai. Toh yanzu tunda za a sake aikin, in bar ruwan da yaron ya zuba ko in zubar in sayi kulant, ruwan nan mai kala da ake sayarwa don lagireto? Don na ji wasu na cewa kulant na ƙasar sanyi ne, mu nan ruwa ba ya daskarewa.

Sani Golf: Ka bar kuɗinka malam. Kala ce kawai ake sayar muku.

Injiniya Nura: Gaskiya ne mu ba ruwanmu da daskarewa, kuma zan faɗi abin da zai yi wa Oga Sani daɗi, tsurar ruwa ya fi kulant saurin ɗaukar zafi. Amma ba don sanyi muke zuba shi ba. Cikinsa akwai maganin tsatsa, top ɗin motocin nan alminiyom ne, wani wajen ƙarfe, ga famfon ruwa, in ka haɗa su da tsurar ruwa mai zafi suna cin juna, shi ne jan ruwan nan da kuke gani in an kwance tiyo. Na biyu tafasa. Ruwa a tukunya yana tafasa a 100, a Jos ma saboda tudu bai kai nan ba, wajen 96 ne. In aka haɗa rabi ruwa rabi kulant yana kai wajen 107, sannan murfi ya matse shi ya ƙara masa fiye da digiri 20 a kai. Shi ya sa murfin da robarsa ta mutu kaɗai ya isa ya sa mota amai. In wanda aka riga aka haɗa ka saya ka zuba shi yadda yake kar ka ƙara ruwa, in mai kauri ne ka haɗa rabi da rabi, kar kulant ɗin ya gaza kashi ɗaya cikin uku don maganin tsatsar zai yi rauni, kar kuma ka zuba shi tsura don a haka ba ya kwashe zafi da kyau.

Alhaji Ƙofar Ruwa: Ni da nake sayar da kayan bari in sa baki. Maganar Sani ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, akwai na banza a kasuwa, ruwa ne da kala aka ɗura a galan mai kyau, kuma mai saye shi yake jawo shi don in ka faɗa masa kuɗin na gaske sai ya ce a ba shi mai sauƙi. Kuma jama'a su daina saye da kala. Na Toyota na yanzu ruwan hoda ne an riga an haɗa shi, na da ja ne mai kauri, na Honda shuɗi, na Volkswagen akwai G11 akwai G12 akwai G13, amma kamfanoni da yawa kowa rina nasa yake yadda ya ga dama, kore biyu ba lallai su zama abu ɗaya ba. A karanta bayan galan a ga irin motocin da aka rubuta. In ba ka san wanda ke cikin motarka ba kar ka ɗora wani a kai, wasu in sun haɗu suna yin kauri su toshe hita da lagireto, gara a zubar duka a wanke a fara sabo.

Maman Ilham: Alhaji to mu da ba mu san kan abin ba ta yaya za mu gane na gaske?

Alhaji Ƙofar Ruwa: Hajiya hanya mai sauƙi in kina da firiza mai ƙanƙara, ki ɗiba kaɗan a 'yar roba ki rufe tam ki naɗe a leda ki sa ya kwana. Na gaske da aka haɗa rabi da rabi sai sanyi ya wuce 35 ƙasa da sifili yake daskarewa, firizar gida kuwa wajen 18 ƙasa da sifili take tsayawa, in kin tarar ya zama dutse ruwa aka sayar miki. Amma dan Allah a rubuta a jiki kuma a yi nesa da yara, guba ne kuma zaƙi gare shi, yana kashe ƙoda. Wanda aka zubar daga mota ma kar a bar shi a kwano a tsakar gida, akuya ko kyanwa ko yaro mai rarrafe zai iya kai baki, kuma kar a ajiye ragowar a gorar lemo.

Injiniya Nura: Ruwan haɗawa kuma a nemi tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir, amma a tabbatar farin ruwan ne ba mai asid ba, don a wasu shaguna in ka ce ruwan batir asid za a miƙo maka. A faɗa wa mai shagon na lagireto ake so.

Maman Ilham: Allah ya saka. Toh ga tawa tambayar, Corolla 2006 ce, ni dai farar robar nan ta gefe nake dubawa kullum in ta ragu in cike, ban taɓa buɗe murfin ƙarfen ba don tsoro nake ji. Ya isa ko akwai saura? Kuma ita ma tana da sukurorin da Baba ya faɗa?

Baba Mai Fijo: 'Yata taki ta fi sauƙi, murfinta a kan lagireto yake kuma shi ne sama, ba sai kin nemi sukurori ba. In an zubar da ruwanta za a sake cikawa, a ajiye ta inda gabanta ya ɗan ɗaga, a zuba a hankali ana matsa tiyon sama da hannu, a tayar murfi a buɗe da mazurari a baki har fanka ta tashi ruwa ya daina faɗawa, a rufe, robar gefe kuma a cika ta zuwa FULL. Wajen lita shida da rabi take ci in ta ƙafe duka, in aka zuba huɗu aka ce miki ta cika ki tambayi ina sauran, ko tsohon ruwa ne bai gama fita ba ko iska ce ta tare. Robar gefen kuma kar ki dogara da ita ita kaɗai, ruwa yana komawa daga cikinta zuwa lagireto ne in injin na hucewa, in murfin ya lalace ko ɗan tiyon ya tsage za ki ga roba cike lagireto kuwa ba komai. Sau ɗaya a sati da safe kafin a tayar da mota ki buɗe na ƙarfen ki leƙa, da sanyi ba abin da zai same ki. Kuma motar da kullum sai an ƙara mata ruwa tana da inda take zubarwa, a nemo wajen.

Maman Ilham: Kusan duk sati biyu sai na ƙara kuwa. Zan sa a duba, na gode Baba.

Abban Khadija: Baba wani abu ɗaya ke damuna, in na yi duk wannan kuma ashe maganar ogan garejin ce gaskiya fa? Ta yaya zan bambance iska da gaskit?

Baba Mai Fijo: Gorar nan da kanta za ta faɗa maka. Iskar da ta maƙale tana da iyaka, za ta fito ta fito ta ƙare, ruwan gorar ya kwanta lumui. Ta gaskit ba ta ƙarewa don injin ne yake hura ta, za ka ga kumfa ƙanana a jere tun injin da sanyi, in ka ba ta wuta su ƙaru, ka yi awa biyu suna nan. Sauran alamun, tiyon sama ya yi tauri kamar icce minti ɗaya da tayarwa tun ruwa bai yi zafi ba, farin hayaƙi mai kauri a salansa da ba ya ɗaukewa bayan mota ta yi zafi, injin na rawa da safe kafin ya daidaita, ko ka buɗe murfin baƙin mai ka ga ya yi fari-fari. In ba ka ga ko ɗaya ba kar kowa ya taɓa maka top.

Injiniya Nura: In kana son tabbaci akwai gwajin da ake yi da wani shuɗin ruwa a cikin bututun gilas, a ɗora a bakin tankin a zuƙo iskar ta bi ta cikinsa, in akwai hayaƙin injin a ciki sai ya koma ruwan ɗorawa. Garejin da suke da na'urar sikanin da yawa suna da shi, kuɗinsa bai kama ƙafar na sauke top ba.

Abban Khadija: Jama'a barkanmu da warhaka, na dawo da rahoto. Mun yi aikin ni da ƙanina, mun kwance tiyon ƙasa mun zubar da na yaron, mun ɗauraye har ruwa ya fito fari, muka haɗa kulant rabi da rabi. Na tiyon hitar nan da muka sassauta shi huci ya dinga yi ba ruwa ko ɗigo har na fara tunanin ko ya toshe, can sai ya fara tofi, sannan ya miƙe. Da tamostat ta buɗe kuwa ruwan gorar ya faɗa gaba ɗaya sai da muka ƙara fiye da lita ɗaya. Bayan fanka ta tashi karo na biyu kumfa ta ɗauke ɗif, hita kuma har ba a iya sa hannu. Na bi ta cikin cunkoson Kurna da rana tsaka na dawo, allura na kan 90 ba ta motsa ba, ƙarar bayan dashbod ma babu. Baba Allah ya ja kwana ya jiƙan mahaifa. Sai dai ƙanina ya lura robar cikin murfin tankin ta tsattsage, zan iya ci gaba da shi?

Baba Mai Fijo: Alhamdulillahi, amin. Murfin kam canza shi yau, da irinsa iska za ta sake shiga in injin na hucewa. Ka ci gaba da duba ruwan da safe har sati ya zagayo, in ya tsaya a layinsa an gama.

Alhaji Ƙofar Ruwa: Ka taho da tsohon a hannu in za ka saya, akwai lambar ƙarfin matsi a jikinsa, na 406 bar 1.4 ne, na Toyota 0.9 ko 1.1, kar a ba ka wani don kawai ya ɗauru a bakin. Ka duba lambar da idonka kafin ka biya.

Sani Golf: Barka malam, ka tsira da kuɗin top. Alhaji nawa tamostat ɗin Golf 3 mai kyau take yanzu? Ba cewa na yi zan saka ba, fankar dai zan fara mayarwa kan sensa in ga yadda man zai yi.

Alhaji Ƙofar Ruwa: Ka shigo kasuwa ka ga kala biyun da nake da su Sani, ka zo da lambar injinka don na 1.6 da 1.8 da na dizal ba duka suke ɗaya ba.